Ƙananan tashoshin nukiliya, manya, sola ko iskar gas: wanne ya dace da wace buƙata?

Tun bayan taron sauyin yanayi na Dubai a Disambar 2023, inda ƙasashe sama da ashirin suka yi alƙawarin ninka wutar nukiliya sau uku kafin shekarar 2050, maganar ƙananan tashoshin nukiliya ta cika bakin masu tsara harkar lantarki. Gana na cikin waɗanda suka sa hannu tun farko, Najeriya da Kenya suka bi sahu a taron Baku na 2024. A watan Yunin 2025 kuma Bankin Duniya ya janye haramcin da ya daɗe da ɗora wa kansa na ba da bashin ayyukan nukiliya. Saboda haka jami'in ma'aikatar lantarki, ɗan majalisa, mai masana'anta, har da ɗalibin injiniya mai neman fannin da zai ƙware a kai, duk suna fuskantar tambaya ɗaya: a zuba ƙarfi a kan waɗannan ƙananan tashoshi, ko a nemi babbar tasha irin ta Masar, ko a rungumi sola da batura, ko kuwa a ci gaba da iskar gas?

Abin da ake nufi da ƙaramar tasha, wadda aka fi sani da SMR, shi ne tukunyar nukiliya (inda yuraniyom ke ba da zafin da ake mayarwa wutar lantarki) da ba ta wuce megawat 300 ba, wato kimanin kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na irin manyan da ake ginawa yau. Manufar ita ce a ƙera sassanta a masana'anta, a ɗauko su a jirgin ruwa ko babbar mota, a harhaɗa a wurin da ake so, sannan idan buƙata ta ƙaru a ƙara wata a gefenta.

Ma'aunan da za a duba

Na farko kuɗi. A harkar nukiliya da sola, man da ake ƙonawa ba shi ne ke cin dukiya ba, gini ne. Shi ya sa kuɗin ruwan da ke hawa kan bashin gini yake da muhimmanci ƙwarai: tashar da ta ɗauki shekara goma tana cin bashi kafin ta sayar da yunit ɗaya, farashinta zai sha bamban da wadda ta fara biyan kanta a shekara ta biyu.

Na biyu lokaci, daga ranar yanke shawara zuwa ranar da wuta ta shiga waya. Na uku tabbaci da ƙarko: tana ba da wuta dare da rana, kuma shekara nawa za ta yi tana aiki? Na huɗu sauƙin riƙewa, wanda ya haɗa ma'aikata, hukumar sa ido, ruwan sanyaya da ƙarfin babban layin wuta na ƙasa. Na biyar haɗari, kuma ba haɗarin fashewa kaɗai ba: akwai sharar nukiliya mai haɗari, akwai tsaro, akwai dogaro da wata ƙasa ɗaya. Na ƙarshe hayaƙi, tunda zancen tsabtataccen makamashi ake yi. Wannan mai sauƙin yankewa ne. Alƙaluman kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa a kan kowane yunit na wuta, nukiliya na fitar da kimanin giram 12 na gurɓatacciyar iska idan aka lissafa tun daga haƙar ma'adini, manyan gonakin sola giram 48, iskar gas 490, gawayin kwal 820.

Ƙananan tashoshin nukiliya

Bari mu fara da abin da ke ƙasa, domin gani ya kori ji. Zane-zanen ƙananan tashoshi sun haura tamanin a duniya, amma waɗanda suke sayar da wuta a zahiri ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Rasha na da Akademik Lomonosov, tasha ce a kan jirgin ruwa da ke garin Pevek a can ƙuryar arewa, mai tukwane biyu na megawat 35 kowace. An fara gina ta a 2007, ba ta shiga kasuwa ba sai 2020. Sin na da HTR-PM a Shidaowan, megawat 210, an fara a 2012, ta kama aiki sosai a Disambar 2023. Akwai kuma Linglong One mai megawat 125 a tsibirin Hainan, wadda aka aza harsashinta a 2021. Ajantina ta fara tata, CAREM, a 2014, bayan shekara goma aka dakatar da aikin ba a gama ba. Duk wanda ya ce maka ana gina irin wannan tasha cikin shekara uku, to yana faɗin abin da ake fata ne. Ta Pevek da ta Shidaowan sun ci shekara goma sha ɗaya zuwa sha uku.

Ta fuskar kuɗi akwai misalai biyu da ya kamata kowane mai yanke shawara ya haddace. Na farko aikin kamfanin NuScale a jihar Idaho ta Amurka: tukwane shida, jimilla megawat 462, domin wasu ƙananan garuruwa na Utah da kewaye. A farkon 2023 ƙiyasin kuɗin ya kai dala biliyan 9.3, farashin wutar da aka yi wa garuruwan alƙawari ya tashi daga dala 58 zuwa 89 a kan yunit dubu, duk da tallafin gwamnati mai tsoka. Garuruwan suka ja da baya, aka soke aikin a Nuwambar 2023. Na biyu Darlington a lardin Ontariyo na Kanada, inda a watan Mayun 2025 aka amince da fara gina ta farko cikin tukwane huɗu samfurin BWRX-300. Kuɗin duka dalar Kanada biliyan 20.9 ne, wato kimanin dalar Amurka biliyan 15, a kan megawat 1,200. Tukunya ta farko kaɗai, haɗe da kayan da sauran za su yi tarayya a kai, dalar Kanada biliyan 7.7 ce, kuma ana sa ran ta kama aiki a ƙarshen 2030.

Idan ka raba, kowane megawat a Darlington ya haura dala miliyan 12, a Idaho kuwa ya kai kimanin miliyan 20. Wannan ya fi tsadar manyan tashoshin da Koriya ta Kudu ko Rasha suke ginawa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Duk mai dafa abincin biki ta san tukunya ɗaya babba ta fi goma ƙanana sauƙin itace da hidima. Ƙaramar tasha ma tana buƙatar ɗakin sarrafawa, katangar kankare, masu gadi, lasisi da tsarin gaggawa, sai dai wutar da za a raba wa wannan kuɗi kaɗan ce. Masu ƙera ta suna cewa idan aka buga iri ɗaya sau da yawa a masana'anta, farashi zai sauko. Hujja ce mai ma'ana, kuma haka ta faru da farantan sola. Amma sai an samu masu saye da dama da za su tsaya a kan zane ɗaya, alhali yanzu kamfanoni barkatai ne ke takara a kan kasuwa 'yar ƙarama. A Darlington kanta lissafin ya ginu ne a kan cewa ta huɗu za ta fi ta farko araha sosai, kuma ba za a san gaskiyar hakan ba sai tsakiyar shekarun 2030.

To ina alfanunta? Yana nan, kuma ba ƙarami ba ne. Babban abin da ya ja hankalina shi ne girma. Masana layin wuta na da ƙa'ida: kada injin guda ya wuce kashi goma cikin ɗari na ƙarfin layin ƙasa, domin ranar da ya tsaya ba zato, kada ya ja kowa ƙasa. Layin Najeriya yawanci megawat 4,000 zuwa 5,500 yake ɗauka. Tukunya mai megawat 1,200 ta yi masa yawa nesa ba kusa ba, amma mai 300 irin ta Darlington ko mai 77 irin ta NuScale za ta shiga. Ga ƙasashe irin su Gana, Kenya da Najeriya, wannan ce hujja mafi ƙarfi, ta fi duk wani alƙawarin araha. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne da kamfanin nukiliya na gwamnatin Gana ya sa hannu a Agustan 2024 kan yarjejeniyar neman gina tasha da fasahar NuScale. Na biyu, ko da megawat ɗinta ya fi tsada, jimillar bashin da za a ci a lokaci guda bai kai na babbar tasha ba.

Tabbaci da ƙarko suna tare da ita. Tashoshin nukiliya na Amurka suna aiki sama da kashi 90 cikin ɗari na sa'o'in shekara, kuma sababbin zane-zanen an yi su ne domin shekara sittin. Fili kaɗan take ci. Wasu samfuran, irin na Sin mai sanyaya da iskar hiliyom, suna ba da zafi mai tsanani da masana'antun sinadarai da matatun mai za su iya amfani da shi kai tsaye, abin da farantin sola ba zai yi ba.

A kan haɗari, an samu ci gaba na gaske. Abin da ya faru a tashar Fukushima ta Japan a Maris 2011 shi ne igiyar ruwa ta kashe injinan da ke tura ruwan sanyaya, tukwanen kuwa ko an kashe su suna ci gaba da fitar da zafi. Yawancin ƙananan zane-zane an tsara su ne yadda ruwa zai riƙa zagayawa da kansa, mai zafi ya hau, mai sanyi ya sauka, ba famfo ba wuta. Masu BWRX-300 suna cewa za ta iya kwana bakwai a haka ba tare da an taɓa ta ba. Sai dai shara tana nan. Wani bincike da masana daga Jami'ar Stanford suka jagoranta a 2022 ya nuna wasu ƙananan zane-zanen za su iya tara shara fiye da manya a kan kowane yunit, ko da yake kamfanonin sun musanta. Ƙasar Finlan ce ta yi gaba wajen haƙa ma'ajiyar dindindin, Onkalo, sama da mita 400 a cikin dutse. Yawancin sauran ƙasashe suna ajiye tasu a harabar tashoshi.

Sai maganar mai, wadda ta shafe mu kai tsaye. Sau da yawa za ka ji ana cewa tunda akwai yuraniyom a Arlit, Nijar ta riga ta mallaki man nukiliya. Ba haka abin yake ba. Yuraniyom da ake haƙowa kashi 0.7 cikin ɗari ne kawai nasa ke ƙonuwa a irin waɗannan tukwane. Sai an tace shi ya kai kashi 3 zuwa 5, sannan a ƙera shi sanduna, kuma kamfanoni ƙalilan ne a Rasha, Turai da Sin ke riƙe da kasuwar tacewar. Wasu sababbin zane-zanen ma suna buƙatar wanda aka tace zuwa kusan kashi 20, wanda Rasha ce kaɗai ke sayar da shi da yawa. Wannan ne ya sa aikin Natrium na kamfanin TerraPower a jihar Wyoming ya ja baya da aƙalla shekara biyu bayan yaƙin Yukren ya ɓarke.

Sauƙin riƙewa shi ne inda take da nauyi. Ƙanƙantar tasha ba ta rage aikin gwamnati. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta zayyana fannoni 19 da sabuwar ƙasa za ta shirya, daga doka da hukumar sa ido mai cin gashin kanta zuwa tsaro da shara, kuma ta ce shirin kan ɗauki shekara 10 zuwa 15. Ba daga sifili za mu fara ba: akwai ƙaramar tukunyar bincike mai kilowat 30 a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun 2004, Gana ma na da irinta a Kwabenya. Amma tsakanin kilowat 30 na bincike da megawat 300 na kasuwa akwai tazarar ninki dubbai. Sannan tashar nukiliya na son layin da ba ya faɗuwa, domin ita kanta tana jan wuta daga waje. Layin Najeriya ya faɗi sama da sau goma a 2024, kuma a Oktoban shekarar jihohin arewa suka kwana fiye da mako a duhu bayan lalata turakun da ke kawo musu wuta.

Manyan tashoshin nukiliya

Nan fasahar ta nuna, an san ta shekara da shekaru. Tukwane sama da 400 ke aiki a duniya, suna ba da kimanin kashi tara cikin ɗari na wutar duniya. A Afirka Koeberg ce kaɗai, kusa da birnin Kef a Afirka ta Kudu, tana aiki tun 1984.

Sakamakon gini ya rabu biyu. A Turai da Amurka abin ya yi muni: Flamanville ta Faransa an fara ta a 2007 da ƙiyasin yuro biliyan 3.3, ba ta shiga layi ba sai Disambar 2024, kuɗin ya ninka kusan sau huɗu. Vogtle a jihar Jojiya ta Amurka ta makara da shekara bakwai, ta tashi daga kimanin dala biliyan 14 zuwa sama da 30. Amma Barakah a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wadda Koriya ta Kudu ta gina, labarinta daban: tukwane huɗu iri ɗaya, megawat 5,600, an fara a 2012, ta farko ta kama aiki a 2021, ta huɗu a 2024, yanzu suna ba da kusan rubu'in wutar ƙasar. Darasin a bayyane yake: gina iri ɗaya a jere da ma'aikata ɗaya shi ke sauke farashi, ko tukunyar babba ce ko ƙarama.

Masar na gina El Dabaa tun 2022, megawat 4,800 a kan kimanin dala biliyan 30, wanda biliyan 25 bashi ne daga Rasha. Megawat ɗin ya tashi kusan dala miliyan shida, rabin na Darlington. Sai dai dubi abin da ke biye: mai gini, mai ba da bashi, mai kawo mai, duk ƙasa ɗaya ce, kuma ɗaurin na shekara sittin ne. Najeriya ta sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017, an ambaci Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom, amma ba a aza bulo ba, kuma da girman layinmu na yanzu ban ga yadda za a yi ba.

Sola da batura

Cikin shekara goma sha uku daga 2010, farashin wutar manyan gonakin sola ya faɗi da kimanin kashi 90 cikin ɗari, na batura ma haka. Babu wata hanyar samar da wuta da ta taɓa sauka irin wannan. Gini kuma yana da sauri. Benban a kudancin Masar, mai kimanin megawat 1,600, an kammala ta a 2019 cikin shekara biyu zuwa uku. Pakistan ta shigo da farantai na kusan megawat 17,000 a 2024 kaɗai, yawanci gidaje, masana'antu da manoma ne suka saya da kuɗinsu ba tare da jiran gwamnati ba. A wajenmu akwai Gorou Banda mai megawat 30 kusa da Yamai, da ta Challawa mai megawat 10 a Kano, duk na 2023. Ranar da ke sauka a Kano ko Agadas a shekara ta kusa ninka ta Jamus, kuma ba mu da irin dogon hunturun da ke sa Turawa neman abin da zai riƙe su wata uku.

Raunin kowa ya san shi. Megawat 100 na sola ba ya ba da abin da megawat 100 na nukiliya ke bayarwa, domin a matsakaici kashi 20 zuwa 25 na ƙarfinsa yake fitarwa a shekara. Ƙurar hunturu da gajimaren damina na rage shi, farantan na son wanki, kuma kowane megawat na cin kusan kadada biyu. Yawancin manyan baturan da ake kafawa na awa huɗu ne, suna rufe magariba zuwa bayan isha, ba sa kai wa asuba. Ta ƙarko kuwa, farantai shekara 25 zuwa 30, batura sai an sauya su aƙalla sau ɗaya a wannan tsawon, zafin ƙasarmu kuma na rage musu kwana.

Shin sola za ta iya riƙe dare gaba ɗaya? Abu Dabi na gwada amsar. A Janairun 2025 kamfanin Masdar ya sanar da aikin megawat 5,200 na farantai haɗe da batura masu ɗaukar yunit miliyan 19, domin ba da megawat 1,000 ba yankewa, a kan kimanin dala biliyan shida. Idan ya cika alƙawari, farashin megawat mai tabbaci zai zo daidai da na El Dabaa, rabin na Darlington, ko da yake shekarun aikinsa ba za su kai na nukiliya ba. Shi ma ba a gama shi ba tukuna, kuma Abu Dabi na samun bashi mai sauƙin ruwa da mu ba ma samu.

Haɗarinta ba na rai ba ne, na kasuwa ne. Kusan duk kayan daga Sin suke zuwa, da dala ake saye. Kuma arahar fasaha ba ta maganin mai saye da ba ya biya. A 2016 kamfanoni 14 suka sa hannu kan gina sama da megawat 1,000 na sola a Najeriya, yawanci a arewa, amma shekaru suka shuɗe ba a gina ba saboda taƙaddama kan farashi da lamunin biya. Wanda ya kasa ba da lamuni a kan wannan, ta yaya zai ba da a kan tashar dala biliyan biyar?

Iskar gas

Na sa ta ne domin ita ce ma'aunin da ake gwada saura da shi, ba don tana da tsabta ba. Ita ke ba da mafi yawan wutar layin Najeriya. Gininta araha ne: Azura a jihar Edo, megawat 461, ta ci kimanin dala miliyan 900, an gama ta a 2018. Ana kunna ta a kashe ta gwargwadon buƙata, abin da ya sa take tafiya daidai da sola. Matsalarta mai ne da bututu. Tashoshi da yawa na zaune ba gas saboda bashi da fasa bututu, arewa kuma na jiran bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano mai tsawon kilomita 614 da aka fara a 2020. Hayaƙinta ya ninka na nukiliya sau arba'in, masu ba da bashi na ƙasashen waje kuma suna ƙara ɗari-ɗari da ita.

| Ma'auni | Ƙaramar nukiliya | Babbar nukiliya | Sola da batura | Iskar gas |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin gina megawat ɗaya | dala miliyan 12 zuwa 20 a ayyukan farko na Kanada da Amurka | miliyan 6 a Masar, sama da 13 a Amurka | kusan miliyan 6 idan ana son dare da rana, ƙasa da haka sosai idan rana ce kawai | kusan miliyan 2, ban da kuɗin gas |
| Tsawon gini | shekara 11 zuwa 13 a Pevek da Shidaowan | shekara 8 zuwa 17 | shekara 1 zuwa 3 | shekara 2 zuwa 4 |
| Tabbacin wuta | dare da rana | dare da rana | gwargwadon girman batir | idan akwai gas |
| Ƙarko | an tsara shekara 60 | shekara 60 ko fiye | farantai 25 zuwa 30, batura ƙasa da haka | shekara 25 zuwa 30 |
| Dacewa da ƙaramin layi | ta dace | ba ta dace ba | ta dace, har ba layi | ta dace |
| Nauyin gudanarwa | mai yawa | mai yawa ƙwarai | kaɗan | matsakaici |
| Babban haɗari | farashi bai tabbata ba, mai, shara | bashi, jinkiri, dogaro da ƙasa ɗaya | dala, mai saye, ƙura | ƙarancin gas, hayaƙi |
| Hayaƙi a yunit | kimanin giram 12 | kimanin giram 12 | kimanin giram 48, ban da batir | kimanin giram 490 |

Wa ya dace da wanne

Idan buƙatarka wuta ce cikin shekara biyar, asibiti ne, jami'a, kasuwa, famfunan noman rani ko gari da layi bai kai ba, amsar sola ce da batura, ba ma sai an yi dogon tunani ba. Haka gwamnatin jiha da dokar lantarki ta 2023 ta ba ta ikon kafa kasuwar wutarta: nukiliya ma ba hurumin jiha ba ce a tsarin mulkin Najeriya, ta tarayya ce. Ƙasa irin Nijar, wadda ta ɗanɗana abin da dogaro ke jawowa lokacin da aka yanke mata wutar Najeriya a Agustan 2023, ita ma nan ya kamata kuɗinta ya fara zuwa, tare da kammala madatsar Kandadji.

Idan rukunin masana'antu ne masu aiki dare da rana, kamar siminti, taki ko saƙa, kuma bututu na kusa, haɗin sola da rana da gas da dare shi ne mai yiwuwa a yanzu. Kowane yunit da rana ta bayar gas ne da ba a ƙona ba, kuma yayin da batura ke ƙara araha za a riƙa rage awannin gas ɗin.

Babbar tashar nukiliya ta ƙasa ce mai layin megawat dubu goma sha biyar ko fiye, mai baitulmalin da zai jure jinkirin shekara biyar ba tare da ya durƙushe ba. Masar da Afirka ta Kudu na cikin wannan sahu. Yammacin Afirka ba ta kai ba tukuna, sai dai idan haɗakar layukan ƙasashen yankin ta yi ƙarfin da za a raba tukunya ɗaya tsakanin ƙasashe da dama.

Ƙaramar tasha ta fi dacewa da iri uku. Na farko ƙasashen da suka riga suka iya nukiliya kuma suna son maye gurbin tsofaffin tashoshin kwal a wurin da waya da ruwa suke, kamar Kanada, Birtaniya da ta zaɓi Rolls-Royce a 2025, da Jamhuriyar Cek. Na biyu wurare masu nisa da rana ba ta wadace su ba, irin su Pevek, inda abokin takara man dizal ne mai tsada. Na uku masu kuɗi da ke son wuta ba yankewa ko da tsada, kamar Google da Amazon da suka ƙulla yarjejeniya da kamfanonin nukiliya na Kairos da X-energy a Oktoban 2024 domin cibiyoyin ajiyar bayanansu. Su ne za su iya ɗaukar asarar gwajin farko.

Ga Gana, Najeriya da makamantansu, ra'ayina shi ne a shirya amma kada a yi gaggawar saye. Shirin ba ya cin biliyoyi: ƙarfafa hukumar sa ido, horar da injiniyoyi a Zariya da Kwabenya, nazarin wuraren da ke da ruwan sanyaya, gyara layin ƙasa, wanda ko babu nukiliya dole ne a yi shi. Idan lokacin ciniki ya zo, a nemi samfurin da aƙalla uku ko huɗu irinsa suka yi shekaru suna aiki a ƙasar da ta ƙera shi, mai amfani da man da tacewarsa ba ta wuce kashi biyar ba domin a samu masu sayarwa fiye da ɗaya, a rubuta a kwangila wanda zai biya idan kuɗi ya haura, da inda sandunan da aka gama ƙonawa za su tafi. Alƙaluman da za a yi wannan ciniki da su za su fito ne daga Darlington da Hainan tsakanin yanzu da 2035.